Ku Tambayi Malama Hajara: "Da hadari ya haɗo sai ɗana ya shige ƙarƙashin gado"

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malama, da fatan kina lafiya ke da iyali. Ina da yaro ɗan shekara 6, sunansa Sadiq. Bara a farkon damina iska ta kwashe mana rufin ɗaki cikin dare muna kwance, kwano ya tashi, ruwa da ƙanƙara suka zubo mana a kan gado. Allah ya tsare, babu wanda ya ji rauni. Wata 2 muka yi a gidan surukata kafin a gyara. Tun daga lokacin yaron nan bai koma daidai ba. Da rani abin ya lafa, amma yanzu da ruwa ya dawo, da ya ga gabas ta yi baƙi sai ya shige ƙarƙashin gado ya toshe kunne. Har fitsarin kwance ya koma yi, abin da ya bari tun yana shekara 3. Babansa yana cewa ni ke shagwaɓa shi, namiji ba ya tsoron ruwa. Kakarsa ta karɓo masa rubutu, muna kuma yi masa tofi. Malamarsu ta boko ta ce in riƙa karanta masa littattafan yara masu hotuna. Don Allah Malama, littafi zai yi wa tsoro magani? Wane iri zan nema? Ni Turancina ba ƙarfi, kuɗi kuma kin san halin da ake ciki.

Maman Sadiq, Anguwan Rogo, Jos

AMSA

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya ƙara tsarewa, ya mayar muku da mafi alheri. Sau biyu na karanta wasiƙarki. A karo na biyu ana yayyafi a kan kwanon ɗakina, sai na tsinci kaina ina sauraron ƙarar da kunnen Sadiq.

Ki fara cire wa ranki maganar shagwaɓa. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle. Yaro ɗan shekara 5 ya kwanta a inda ya fi yarda da shi a duniya, ya farka ya ga sararin sama a inda ya saba ganin sili, ga uwarsa tana salati da ƙarfi. Mu da ke kan tudun nan mun san irin iskar da ke zuwa da hadarin Afrilu da Mayu, mun san ƙanƙarar Jos da ke sauka kamar ana jifan kwano da tsakuwa. Damina kuma ba ta sallamarmu sai wajen Oktoba. Ke nan wata 6 ko fiye yaron zai yi yana jin ƙarar da ke mayar da shi wancan dare. Kin yi daidai da ba ki zauna jiran abin ya wuce da kansa ba.

Shi kuma maigida, ki nemi lokacin da ransa ke sanyi ki tuna masa hadisin Nana A'isha da ke cikin Bukhari da Muslim. Ta ce idan Manzon Allah (SAW) ya ga hadari ko iska, ana ganin hakan a fuskarsa, ya shiga ya fita, don tsoron kada ya zama azaba irin wadda ta sauka wa Adawa, sai ruwa ya sauka sannan damuwar ta yaye. In fuskar fiyayyen halitta tana sauyawa saboda hadari, ba mu da bakin yi wa ɗan shekara 6 gori. Kada ki faɗa masa da sigar ƙure. Za mu buƙace shi a wannan aikin, za ki ga inda nake nufi.

Malamar Sadiq ta faɗi gaskiya, amma bari in gaya miki yadda ni na gane hakan, don ba a kwaleji na koya ba.

Shekara 27 na yi ina koyar da 'yan aji ɗaya da aji biyu a garin nan. A watan Yulin 2012, cikin azumi, ruwa ya yi ambaliya da daddare ya ci Rikkos da Gangare. Gidaje suka rushe, aka rasa rayuka da dama, har da ƙananan yara. Da aka koma makaranta a Satumba sai na samu wata yarinya a ajina, bari in kira ta Rabi, wadda gidansu na cikin waɗanda ruwa ya shiga. Ba ta kuka, ba ta rigima. Amma da an fara yayyafi sai ta rataya jakarta ta je bakin ƙofa ta tsaya, kamar mai jiran a ce a gudu. Na ce mata "ba komai" ya fi a ƙirga. Na rarrasa, na ba ta alewa, wata rana ma, Allah ya yafe mini, na daka mata tsawa. Duk a banza.

Ran nan ina nuna wa aji wani tsohon littafi da na saya a gwanjo, labarin ɗan akuya da ya ɓace wa garke da yamma. Akwai shafi guda mai duhu, ɗan akuyan ya takure a gindin dutse, ruwa na dukansa. Na sa hannu zan juya da sauri saboda ita. Sai na ga ɗan tafin hannu ya sauka a kan shafin.

"Malama, tsaya."

Na tsaya. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Sanyi yake ji." Na ce haka ne. Ta ce, "Ina babarsa?" Na ce, "Ke a ganinki tana ina?" Ta yi ƙasa da murya ta ce, "Ruwa ya tafi da ita." Ajin ya yi tsit. Ban ce mata a'a ba, na ce, "To juya mu gani." Ta juya da kanta. Ga uwar akuyar can a kan tudu, jiƙe sharkaf, tana neman ɗanta. Rabi ta koma shafin duhu, ta dawo na uwar, ta sake komawa, ta sake dawowa. Har aka buga ƙararrawa tana kai da komo tsakanin shafukan nan biyu. Ranar ce ta fara yi mini maganar abin da ya faru a gidansu, ita ma ta bakin ɗan akuya.

Abin da na ɗauka daga ranar shi ne, yaro ba ya iya cewa "ni ina jin tsoro, ga dalili." Kalmomin sun yi masa nauyi, ga kunya, musamman namiji da aka riga aka gaya wa cewa maza ba sa tsoro. Amma zai iya cewa "ɗan akuya yana tsoro," ya kuma ba ki bayanin tsoron dalla-dalla, alhali nasa yake faɗa. Sannan hadarin da ke cikin hoto yana tsaye wuri ɗaya. Yaro na iya kallonsa iya son ransa, ya rufe shi da hannu, ya koma baya, ya wuce gaba. Hadarin gaske bai taɓa ba shi wannan ikon ba. Ni mai son tatsuniya ce, da ita kakata ta raine ni, amma Dodon tatsuniya a cikin duhu ake jin labarinsa, kuma girmansa sai yadda zuciyar yaro ta kai shi. Na cikin hoto bai fi tafin hannu ba.

Mu manya muna cewa komai nisan dare gari zai waye, kuma mun yarda da maganar don mun ga wayewar gari bayan darare masu wuya da yawa. Sadiq bai tara irin waɗannan darare ba tukuna. Guda ɗaya ya sani. Littafi yana ba shi damar ya ga dare da wayewarsa cikin minti 10, yau da gobe da jibi, har jikinsa ya saba da cewa bayan shafin duhu akwai wani shafi. Haka ake koya wa ƙaramin yaro sa rai.

Wajen zaɓe, ki nemi labarin da jarumin ke jin tsoro na gaske, ana gani a idonsa. Ya zama ya yi wani ɗan ƙoƙari da kansa, ko da kiran sunan uwarsa ne, sannan wani ya taimake shi. Ƙarshen kuma ya zama abin da hankali zai ɗauka. Littafin da aljana ke zuwa ta kaɗa sanda komai ya gyaru yana da daɗin ji, amma bai bar wa yaro abin riƙewa ba ranar da iska ta taso. Ki guji wanda ake yi wa matsoraci dariya a ciki. Kuma kada ki fara da labarin hadari kai tsaye. Ki fara da na ɓacewa a kasuwa, ko tsoron duhu, ko ranar farko a makaranta. In ya saba, sai ku matso kusa da ruwa.

Maganar Turanci kada ta dame ki ko kaɗan. Ni kaina sau da yawa da yatsa nake rufe rubutun. Tun a 1988 wani masanin tarbiyyar yara a Amurka, Grover Whitehurst, da abokan aikinsa suka nuna cewa yara sun fi buɗe baki da ƙaruwa da kalmomi idan babba yana tambayarsu game da hoton, yana barinsu su ba da labarin, maimakon ya karanta musu su yi shiru. To ke ma haka za ki yi da Hausarki. "Me kake gani a nan? Me ya sa ya yi haka da fuska? Wa kake ganin zai zo?" In ya ba da amsar da ba ta cikin littafin, ki bi shi. Abu ɗaya nake roƙonki: kada ki ce "ka ga, kamar kai ke nan." Da kin faɗi haka kin tone shi, zai rufe littafin ya rufe bakinsa. Ki bar shi ya ɓuya a bayan ɗan akuyansa har ranar da ya ga damar fitowa.

Samun littafin ba sai da kuɗi mai yawa ba. A intanet akwai African Storybook da StoryWeaver, dukansu kyauta ne, kuma suna da labarai da Hausa masu hotuna. Ki sauke biyu ko uku a waya, in da hali ki kai shagon masu fotokwafi a buga miki, don yaro ya samu takardar da zai juya da hannunsa. Wata Hausar da ke ciki za ki ji ta ɗan yi tauri, sai ki gyara ta a bakinki. Masu gwanjon littattafai a wajen kasuwar Taminus ta Jos ma ba sa rasa na yara, ki tsaya ki duba shafi-shafi kafin ki biya.

Amma littafin da na fi so ki ba shi, babu shi a kasuwa. Ku za ku yi shi.

Ki samu farar takarda guda 4, ki ninke, ki ɗinke tsakiya da zare da allura, ki yi masa bango da kwalin taliya. Ki sayo fensir mai kala. Ki ce masa za ku yi littafin wani yaro da iska ta kwashe musu rufi, shi zai raɗa wa yaron suna. Shafin farko gida ne da rana. Na biyu hadari. Na uku kwano ya tashi. Ki bar shi ya zana wannan yadda yake so, ko da baƙi zai cika shafin da shi, kada ki gyara masa. To daga nan ne aikinki zai fara, don ina kyautata zaton a zuciyar Sadiq labarin a shafi na uku ya tsaya. Duk lokacin da gabas ta yi baƙi, can yake komawa, kuma bai san hanyar fita ba. Ke kin san abin da ya biyo baya. Wa ya ɗauke shi daga kan gadon? Wane maƙwabci ne ya fara zuwa da tocila? Wa ya ba ku bargo? Me Kaka ta dafa masa washegari? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ni ban san amsoshin ba, amma na tabbata akwai su, don a unguwanninmu ba a barin mutum a cikin ruwa shi kaɗai. Kowace amsa shafi ce. Sai shafin kafinta a kan tsani da guduma a hannu. Sai na ƙarshe: ana ruwa a waje, yaron da iyayensa suna ciki a bushe, ana gasa masara.

Shafin kafinta na Babansa ne. Shi ya san katako nawa aka saya, shi ya tsaya a kan aikin. Ki roƙe shi ya zana wannan shafin tare da ɗansa, sannan wata rana da hantsi ya ɗaga shi a kafaɗa ya nuna masa rufin, su ƙirga ƙusoshi, ya nuna masa inda aka ɗaure katakon da ginin. Uban da ba zai iya zama rarrashi ba zai iya wannan, kuma a wajen yaro ya fi rarrashi nauyi. Sai dai ku kiyaye alkawarin da ba naku ba. Kada ku ce masa rufin ba zai sake tashi ba har abada, don ba ku da wannan ikon, yara kuma suna gane maganar da aka faɗa don a rufe musu baki. Ku gaya masa abin da yake gaskiya: an ɗaure shi fiye da da, in ma wani abu ya faru muna tare da kai, kuma mun san inda za mu je.

Da rana za ku riƙa karatun, gari garau, cikinsa a ƙoshe. In hadari ya riga ya haɗo, lokacin karatu ya wuce. In ya shige ƙarƙashin gado kada a jawo shi. Ki zauna a ƙasa kusa da shi, ki miƙa masa hannu. Ki koya masa addu'ar da Annabi (SAW) ke yi idan ruwa ya sauka, "Allahumma sayyiban nafi'an," gajera ce, bakinsa zai ɗauka. Akwai kuma wasan da na sha yi da 'yan ajina: da an yi walƙiya sai mu fara ƙirga har mu ji tsawa. Haske ya fi sauti gudu, duk daƙiƙa 3 kusan kilomita ɗaya ke nan tsakaninmu da inda tsawar ta faɗi. In ƙirgen yana ƙaruwa, hadarin tafiya yake. Yaron da ke ƙirge ya samu abin yi, kuma da kunnensa zai ji tsawar tana nisa. Tofin da kuke yi ku ci gaba, ku sa Kaka ma cikin littafin, ta ga hotonta da tukunyarta. Za ta fi kowa son a karanta.

Fitsarin kwance kuwa, yaran da suka firgita sukan koma baya haka, kuma ba da gangan yake yi ba. Ba duka, ba gori, kada kuma a bar yaran gida su yi masa waƙar amalala. Ki shimfiɗa leda a ƙarƙashin zanen gado, ku wanke da safe ba tare da surutu ba. Amma tunda abin ya kai shekara, ina so ku kai shi asibiti a duba, musamman in yana kukan zafi wajen fitsari ko yawan ƙishirwa, don wani lokaci ciwo ne daban ya haɗu da tsoron. In kuma kun yi wata ɗaya ko biyu kuna wannan ƙoƙari ba sauƙi, ko ya fara ƙin abinci da makaranta, ku nemi ganin likitan da ya san halayyar yara. A asibitin koyarwa na Jami'ar Jos (JUTH) da ke Lamingo akwai sashen yara, akwai na lafiyar ƙwaƙwalwa. Zuwa can ba ya nufin yaro ya taɓu.

Ke ma ina tambayarki, ƙanwata, don ke ma kina cikin ɗakin nan a daren: yaya zuciyarki take yi in iska ta taso? In kina zabura kina kwashe kaya kina salati da ƙarfi, fuskarki yake karantawa kafin kowane littafi. Ba laifi ki ce masa, "Ni ma gabana yana faɗuwa, zo mu yi addu'a tare."

Rabi ba ta daina tsoron ruwa a shekarar ba. Da damina ta zagayo, in aka yi tsawa takan miƙe tsaye kamar da. Sai dai ta daina ɗaukar jaka, ta daina zuwa bakin ƙofa. Gefen teburina take zuwa ta tsaya, ta riƙe bakin mayafina har ruwan ya tsagaita, sannan ta koma wurin zamanta. Ki rubuto mini bayan sallah in ji sunan da Sadiq ya raɗa wa yaron littafinsa.

TAMBAYA

Malama, barka da aiki. 'Yata mai shekara 4 ta shaƙu da mahaifiyata ƙwarai, a ɗakinta take kwana. Allah ya yi wa Hajiya rasuwa wata 3 da suka wuce. Tun lokacin akwai wani ɗan littafi na kaza da 'ya'yanta da Hajiya ke nuna mata, kullum dare sai na karanta mata shi, wani lokaci sau uku. Na sayo sababbi ta ƙi. Anya wannan lafiya ne?

Abban Ummi, Bukuru

AMSA

Allah ya jiƙan Hajiya, ya sa Aljanna ce makomarta, ya ba ku haƙuri. Lafiya lau ne, Malam. 'Yan shekara 4 dama suna son maimaici, balle wadda duniyarta ta sauya a dare ɗaya. Littafin nan shi ne abin da ya rage mata wanda bai sauya ba: kazar tana nan, 'ya'yan suna nan, ƙarshen yana inda ta bar shi jiya. Ka ajiye sababbin a inda za ta gan su, wata rana da kanta za ta ɗauko.

Ka tuna ƙanen Anas ɗan Malik, Abu Umair, da ɗan tsuntsunsa ya mutu. Manzon Allah (SAW) ya gan shi cikin damuwa, ya kira shi da alkunya kamar babban mutum, ya tambaye shi labarin tsuntsun. Kai ma ka buɗe mata ƙofar. In kun zo wani shafi ka ce, "A nan me Hajiya take cewa?" Wataƙila ta gyara maka muryar kazar, ta ce ba haka Hajiya ke yi ba. Ka bar ta ta koya maka. In hawaye ya zo maka kada ka tashi ka fita, ta ga cewa ana kuka kuma a ci gaba da karatu.

Abu ɗaya zan ja kunnenka a kai. In ta tambayi inda Hajiya take, kada a ce mata ta yi tafiya ko tana barci. Mai tafiya ana jiran dawowarsa, kuma na ga yaran da suka koma tsoron kwanciya saboda an ce musu mamaci barci yake. Ka ce mata Hajiya ta rasu, ta koma wajen Allah, ba za ta dawo gidan nan ba, amma muna yi mata addu'a kuma addu'ar tana isa gare ta. Za ta sake tambaya gobe, da jibi. Ka ba ta amsa iri ɗaya kowane lokaci, kamar yadda kake karanta mata kazar. In kun rufe littafin, ku ɗaga hannu tare ku ce Allah ya jiƙan Hajiya, sannan ka ja mata bargo.